Yadda iyali za su kwatanta jami'o'in gwamnati: kuɗin da za a kashe, bashin da za a ci, da kammala karatu

Da zarar sakamakon jarrabawar bak, wato ta kammala sakandare, ya fito, gidaje da yawa a Garwa da Marwa da Ngaundere da Kuseri sukan shiga shawara iri ɗaya, wato ina za a tura yaron nan, kuma da wane kuɗi. Amsar da aka fi bayarwa ita ce jami'ar gwamnati, domin kowa ya san kuɗin rajistarta a Kamaru jaka 50 ne a shekara, wato sefa 50,000, adadin da aka tsayar tun gyaran tsarin jami'o'i na 1993, lokacin da aka soke alawus ɗin da gwamnati ke biyan ɗalibai. To amma tun da wannan kuɗi ɗaya ne a tsangayoyin Ngaundere da Marwa da Garwa da Yawunde, ba zai taimaki uba ya zaɓi wata a kan wata ba. Abin da ya kamata a ɗora a kan sikeli shi ne jimillar abin da gida zai kashe daga ranar rajista har ranar da takardar shaidar digiri ta shigo hannu, da yawan bashin da za a ci kafin a kai wannan ranar, da kuma ko yaron zai kai ta ɗin. Wannan lissafi uba da ɗansa ko 'yarsa za su iya yin sa da biro da littafin rubutu, muddin sun san tambayoyin da za su yi da mutanen da za su tambaya.

Jami'o'in gwamnati a Kamaru 11 ne. Shida sun fito daga gyaran 1993, su ne Yawunde ta ɗaya da ta biyu, da Duwala, da Dschang, da Buea, da Ngaundere. An kafa ta Marwa a 2008, ta Bamenda a 2010, sannan a watan Janairun 2022 aka ƙara na Bertoua da Ebolowa da Garwa. Ke nan kowace ɗaya daga jihohin arewa uku, Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, tana da jami'arta, kuma ga yawancin iyalanmu kwatancen gaskiya tsakanin waɗannan ukun yake, sai fa wanda ke da ɗan'uwa a kudu da zai riƙe masa yaro. A Chadi akwai Jami'ar Njamena, wadda aka kafa a 1971, da Jami'ar Adam Barka ta Abeche, da na Mundu da Sarh da Doba, da kuma Jami'ar Sarki Faisal a Njamena, inda ake karatu da Larabci.

Kafin a taɓa maganar kuɗi, a fara tsayar da abin da ake kwatantawa. Sunan jami'a kaɗai ba ya wadatarwa, domin a cikin jami'a ɗaya ƙofofi biyu ne. Akwai tsangayoyi, irin na shari'a da tattalin arziki da kimiyya da adabi, waɗanda ake shiga da takardun bak, kuma a nan ne ake samun cunkoson ɗalibai a shekarar farko. Akwai kuma manyan makarantu da ake shiga ta jarrabawar gasa, wadda ɗalibai ke kira konkur, inda guraben ke da iyaka kuma malami ya fi sanin ɗalibinsa. A Ngaundere, wadda harabarta ke Dang, kimanin kilomita 15 daga cikin gari, akwai ENSAI ta kimiyyar sarrafa amfanin gona, da cibiyar fasaha ta IUT, da makarantar likitancin dabbobi, sannan makarantarta ta ilimin duwatsu da haƙar ma'adinai tana Meiganga. A Marwa akwai babbar makarantar horar da malamai, da ta injiniyanci, yayin da ta ma'adinai da man fetur take Kaele. Garwa kuwa tana da tsangayar likitanci, wadda a da take ƙarƙashin Ngaundere. Saboda haka a saman kowane shafi na littafin lissafi a rubuta sunan sashe da garin da yaro zai kwana, domin wanda aka ɗauka a Jami'ar Marwa yana iya zama a Kaele, kuma hayar ɗaki da kuɗin mota a can daban ne. A kuma tambaya tun da wuri ko kwas ɗin na gama-gari ne ko na sana'a, domin kwasa-kwasan sana'a da jami'o'in gwamnati ke buɗewa suna da nasu kuɗin makaranta, wanda yakan ninka jaka 50 sau da yawa.

Lissafin kuɗin shekara

Kuɗin da ke fita kashi uku ne. Na farko shi ne na shiga, wanda ake biya sau ɗaya: rajistar share fage, gwajin lafiya, hotuna, da kan sarki da ake manna wa kowace takarda da hukuma za ta tabbatar. Wanda zai zauna konkur ya ƙara kuɗin jarrabawa da na tafiya zuwa cibiyar da za a yi ta, kuma ya tuna cewa ba a mayar da kuɗin in bai ci ba, don haka zama konkur huɗu ko biyar a lokaci ɗaya ba tare da shiri ba asara ce da ake iya kaucewa. A wannan mataki ne kuma ya kamata a ɗora takardar haihuwa kusa da takardar bak a duba harafi bayan harafi, domin bambancin rubutun suna ko na ranar haihuwa yana iya tsayar da takardar digiri bayan shekaru, kuma gyaransa a lokacin ya fi tsada da wahala.

Kashi na biyu shi ne na makaranta, wato jaka 50 ɗin, wanda ake iya biya kashi biyu, da kuɗin kwafin darussa da littattafai, da kuɗin waya da intanet, da na zuwa horon aiki ga sassan da ke buƙatarsa, da na buga kundin bincike a shekarar ƙarshe. Kashi na uku, wanda ya fi duka nauyi, shi ne na rayuwa: ɗaki, abinci, ruwa da wuta, kuɗin babur zuwa aji, magani, da tafiya gida lokacin hutu da Sallah. Ɗakunan kwana na jami'a ba sa isar ɗalibai, don haka a yi lissafi da hayar ɗaki a unguwa, in an dace da na jami'a sai a ɗauke shi a matsayin sauƙi daga Allah. A tambayi wata nawa mai gida ke karɓa a gaba, domin akwai masu neman na watanni da yawa a dunƙule, kuma wannan yana faɗowa ne a watan Oktoba, daidai lokacin da ake biyan rajista. A kuma tambaya ko ana biyan haya a watannin hutu, domin wata 12 da wata 10 ba ɗaya ba ne. Nisa ma kuɗi ne: daga Garwa zuwa Marwa ya ɗan haura kilomita 200, daga Garwa zuwa Ngaundere ya kusa 300, wanda kuma zai tafi Yawunde sai ya ƙara da jirgin ƙasa na dare daga Ngaundere. Ɗalibin da ba zai iya zuwa gida ba sai sau ɗaya a shekara ba ya samun buhun gero ko masara da ake aika wa na kusa a motar kasuwa, kuma wannan buhun yana rage kuɗin abinci sosai.

Waɗannan alƙaluma daga bakin ɗaliban da ke can ake samun su, kuma kada a dogara da mutum ɗaya. A nemi aƙalla uku, ciki har da mace in 'ya za a tura, domin ɗakin da ya dace da ita, mai ƙofa da tsaro da ruwa a kusa, yakan fi tsada, kuma ba wurin da za a nemi rangwame ba ne. Tambayar kuma ta zama takamaimiya. Maimakon a ce ko rayuwa tana da tsada, yaro ya ce: "Yaya, nawa ka biya ɗaki a watan jiya, nawa ka kashe a abinci, kuma nawa aka turo maka daga gida?" Bambancin da ke tsakanin abin da aka kashe da abin da aka turo shi ne ke nuna ko ɗalibai a wurin suna cike gibi da aikin hannu, ko da bashi, ko da yunwa.

Ga misali da alƙaluman ƙaddarawa, waɗanda kowane gida zai maye gurbinsu da nasa. A ƙaddara yaron Garwa ne. In ya zauna a gidan ubansa ya yi karatu a Garwa, zai biya rajista 50,000, kuɗin babur 120,000 a shekara, kwafi da waya 70,000, jimilla 240,000. In ya tafi wani gari, zai biya rajista 50,000, ɗaki 180,000, abinci 250,000, tafiye-tafiye 30,000, kwafi da waya 70,000, jimilla 580,000. A shekara uku na farko ya tashi 720,000, na biyu 1,740,000, alhali kuɗin makarantar ɗaya ne. Ko da na gida ya ɗauki shekara biyar, 1,200,000 zai ci. Wannan ya sa nake ganin cewa in sashen da yaro ke so yana garinsu, kuma sashen yana da malamai, to sai an kawo hujja mai ƙarfi kafin a fitar da shi. Hujjar kuwa tana iya samuwa: cin konkur na babbar makaranta, ko rashin sashen a gida, ko gidan da hidimarsa da shagonsa ba za su bar yaro ya buɗe littafi ba.

Shekara nawa, kuma mutum nawa ne ke gamawa

A nan ne lissafin yawancin iyaye ke karyewa, domin suna ninka kuɗin shekara sau uku su tsaya. A tsarin da ake bi yanzu, digirin farko, wato lisans, shekara uku ne, zango shida, kowane zango da makin kwas 30 da ɗalibi ke tarawa in ya ci darussan zangon, jimilla 180, sannan mastar shekara biyu. Takardar DUT ta cibiyar fasaha da ta BTS, wadda ita ma ta koyon sana'a ce, shekara biyu ne, likitanci kuwa shekara bakwai. Wannan shi ne abin da ke rubuce. A aikace ɗalibi yana iya faɗuwa a wasu darussa, ya zauna jarrabawar cike gibi, ya wuce aji da ragowar darussa a kansa, ko ya maimaita shekara, kuma kowace shekara da ta ƙaru tana zuwa da hayarta da abincinta cikakku. A koma ga misalin ɗazu: garin da ake kashe 580,000 a shekara, in an gama a shekara uku, ya ci 1,740,000, amma garin da ake kashe 450,000, in an gama a shekara huɗu ya ci 1,800,000, in biyar ne 2,250,000. Wanda kuma ya yi shekara biyu a gari mai arahar ya dawo ba takarda, ya tafi da 900,000 na gidansu, kuma a wurin neman aiki bak ɗinsa kawai zai nuna. Araha ba ta ado, in ji Hausawa, kuma a karatu tsawon lokaci ne ke cinye ta.

Tambayar da za a kai wa kowane sashe ita ce: cikin ɗalibai 100 da suka yi rajista a shekarar farko, nawa ne suka karɓi lisans bayan shekara uku, nawa bayan huɗu, nawa kuma suka ɓace a hanya? A Amurka ma'aikatar ilimi tana wallafa irin waɗannan alƙaluma na kowace kwaleji, tare da kuɗinta da bashin ɗalibanta, a shafin College Scorecard. A nan mutum ne zai tattara su da ƙafarsa, amma abu ne mai yiwuwa. Ma'aikatar ilimi mai zurfi ta Kamaru tana fitar da kundin ƙididdiga mai ɗauke da yawan ɗalibai da yawan waɗanda suka kammala, sassa kuma suna liƙa sakamakon jarrabawa a allon sanarwa, inda ɗan'uwa da ke can zai iya ƙirga sunayen 'yan shekarar farko da na 'yan shekara ta uku ya turo ta waya. In 'yan shekarar farko 600 ne, na shekara ta uku 150, to an ga inda mutane ke zubewa ko da ba a samu adadi na hukuma ba.

Amma a kula da abubuwa biyu da ke ruɗar da mai ƙirga. Na ɗaya, in aka ce kashi kaza cikin 100 sun ci jarrabawa, a tambaya ko cikin waɗanda suka yi rajista ne ko cikin waɗanda suka zauna jarrabawar, domin wanda kuɗi ya kora a watan Janairu ba ya cikin lissafi na biyun, alhali shi ne mutumin da ya fi kama da ɗan talaka da ake shirin turawa. Na biyu, a kwatanta masu kammalawa na bana da waɗanda suka shiga shekara uku da suka wuce, domin a jami'ar da ke girma da sauri 'yan shekarar farko na bana sun fi na wancan lokacin yawa, kuma rabon zai fito da muni fiye da gaskiya. Wannan ya shafi Garwa musamman, wadda sabuwa ce, kuma rukunin ɗaliban da suka fita daga cikinta ba su da yawa tukuna. A can abin dubawa shi ne malamai nawa ne mazauna sashen, nawa ne ke zuwa daga wata jami'a su dunƙule darasin zango a kwanaki kaɗan su koma, da kuma ko akwai ɗakin gwaje-gwaje ga sassan kimiyya.

Makarantun konkur sukan fi tsangayoyi yawan masu kammalawa, amma a fahimci dalilin: an tace ɗalibansu tun daga ƙofa. Don haka adadin sashe ba alƙawari ba ne ga kowane yaro, kuma dole a ɗora shi kusa da makin yaron kansa. Wanda ya sha wahala da lissafi a lise, wato makarantar sakandare, kada a tura shi sashen kimiyyar lissafi ko tattalin arziki don kawai ɗan maƙwabta ya yi nasara a can. Harshe ma haka ne. Karatu a jami'o'in arewa uku da Faransanci ake yin mafi yawansa, kuma yaron da ya ci bak da ƙyar saboda raunin rubutun Faransanci zai gamu da wannan raunin a tsangayar shari'a tun makon farko, a cikin ɗakin lacca mai ɗaruruwan mutane inda ba mai tsayawa ya gyara masa. Wata biyu na hutu da aka kashe a ƙarfafa rubutu sun fi shekarar maimaici sauƙi nesa ba kusa ba.

Ga iyalan Chadi akwai ƙarin tambaya, ita ce wata nawa shekarar karatu ke ɗauka. Jami'o'in ƙasar sun yi fama da yajin aiki da ya sa shekara ɗaya ke miƙewa ta shiga cikin ta gaba, musamman bayan matakan tsuke bakin aljihu na 2016, waɗanda suka haɗa da soke alawus ɗin ɗalibai, kuma wannan na cikin dalilan da ke sa 'yan Chadi da yawa tsallake gadar Ngeli, wadda ta haɗa Njamena da Kuseri, zuwa Marwa da Ngaundere. Hanya mafi sauƙi ta sanin halin da sashe ke ciki yau ita ce a tambayi ɗalibin shekara ta uku ranar da ya fara shekarar farko. Da yake Chadi da Kamaru duk sefa iri ɗaya suke kashewa, kwatancen ba ya buƙatar canji, sai dai wanda zai tsallaka ya nemi sanarwar jami'ar a rubuce kan abin da ake karɓa daga ɗan ƙasar CEMAC, wato ƙungiyar tattalin arzikin Afirka ta Tsakiya da Chadi da Kamaru ke ciki, a wannan sashen, ya kuma kammala tantance takardar bak ɗinsa a ONECS, hukumar jarrabawa ta Chadi, kafin ya tashi. Haka nan mai tunanin Yola ko Maiduguri ya san cewa can karatu da Ingilishi ne, kuma rancen karatu da Najeriya ta fara bayarwa ta asusun NELFUND a 2024 na 'yan ƙasar ne.

Kammalawa kuma ba ta ƙarewa da jarrabawar ƙarshe. A tambayi waɗanda suka gama bara ko sun karɓi takardar sakamako da shaidar cin jarrabawa a kan lokaci, domin da su ake neman aiki da shiga mastar, kuma jarrabawar shiga aikin gwamnati tana da iyakar shekaru, wanda jinkiri ke ci a hankali. A nemi mutum biyar ko goma da suka fita daga sashen shekara biyu ko uku da suka wuce a ji abin da suke yi yanzu, kuma kada a tsaya ga wanda ya yi fice, wanda kowa ke ambato. Iyaye da yawa har yanzu suna ɗaukar makarantar horar da malamai a matsayin hanyar da ke kaiwa kai tsaye ga albashin gwamnati, kamar yadda take a da, amma a 'yan shekarun nan an raba horarwa da ɗaukar aiki, don haka a karanta sanarwar konkur ɗin shekarar a ga abin da ta yi alƙawari da abin da ba ta yi ba.

Bashi

Bashin karatu a gidajenmu ba ya zuwa da takardar banki mai sunan ɗalibi. Yana zuwa ne ta adashi, ko rance daga kawu ko baffa, ko kayan shago da aka karɓa kafin a biya, ko jinginar gona, ko ƙaramin bankin unguwa, kuma saboda ya warwatsu haka sai a kasa ganin girmansa. Matakin farko shi ne a cire abin da gida zai iya bayarwa kowace shekara daga jimillar kuɗin shekara, abin da ya rage shi ne gibin, sai a ninka shi da shekarun da bincike ya nuna, a ƙara shekara ɗaya ta ko-ta-kwana. Wajen ƙiyasta abin da gida zai bayar a yi amfani da shekarar da damina ta yi matsakaici, domin manomin auduga ko albasa ko masakuwa ya san ba kowace shekara ce ke cika rumbu ba. Kyautar jaka 50 da gwamnatin Kamaru ke bai wa ɗalibai masu ƙwazo abar so ce, amma kada a sa ta cikin lissafi tun ba ta zo ba.

Sai a auna gibin da abin da mai digiri zai iya biya. Mafi ƙarancin albashi a kamfanoni masu zaman kansu da ba na noma ba a Kamaru 60,000 ne a wata tun 2023, kuma a ganina da shi ya kamata a yi awo, domin ba a san ranar da babban aiki zai zo ba. Wanda ke karɓar 60,000, in ya ware kashi ɗaya cikin huɗu, wato 15,000, zai biya bashin 600,000 a wata 40, shekara uku da wata huɗu ke nan, ba tare da ruwa ba. In gibin ya kai miliyan ɗaya da rabi, wannan biyan zai ɗauki wata 100, ya haura shekara takwas, kuma a cikin waɗannan shekarun ne ake son ya yi aure ya kuma taimaka wa ƙannensa. Duk zaɓin da gibinsa ya kai haka, sai in sashe ne da aka ga masu fita daga cikinsa suna samun aiki da ido, ya kamata a ajiye shi a duba na kusa da gida ko kwas na shekara biyu.

Basussukan kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Adashi, in an ɗauka da wuri, rance ne marar ruwa, in an ɗauka a ƙarshe kuma ajiya ce, don haka uwa ko uba su roƙi uwar adashi tun farkon zagaye a sa kwasarsu ta faɗo a Satumba ko Oktoba. Rancen mai ba da kuɗi da ruwa na wata-wata shi ne mafi haɗari, ko an ajiye maganar haramcin riba a gefe, wadda Musulmi ba zai ajiye ba: ruwan kashi 10 cikin 100 a wata a kan 100,000 yana zama 120,000 a shekara, uwar kuɗin kuma tana nan ba ta motsa ba. Sayar da dabba ma sai an bambance. Sa ko ragon da aka yi kiwo don kasuwar Layya an tanade shi ne don a sayar, amma saniya mai haihuwa, ko shanun huɗa, ko keken ɗinki, ko babur ɗin haya, su ne ke samar da kuɗin shekara ta biyu da ta uku, kuma wanda ya sayar da su don shekarar farko ya ci bashi daga kansa. Jinginar gona ta fi duka ɓoye nauyinta, domin amfanin da mai jingina ke kwashewa kowace kaka ba ya shiga littafin kowa.

Rancen dangi shi ne mafi sauƙi, kuma shi ne ke ɓata zumunci in an bar shi a baki. A rubuta adadi da lokacin biya da wanda zai biya, yaron ne ko ubansa, a gaban shaidu, kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta umarta, a kuma fayyace ko taimako ne ko rance tun ranar da aka karɓa. In akwai 'yan'uwa da suka yi alƙawarin tallafi, ya fi kyau kowa ya ɗauki abu sananne, wannan hayar ɗaki, wancan rajista, wata kuma buhun hatsi, maimakon a ce kowa zai taimaka gwargwadon hali. Ina kuma roƙon iyaye su fara tanadin shekarar ƙarshe tun a ta farko, domin a shekarar farko dangi suna cikin murna kuma hannu a buɗe yake, a ta uku kuwa an gaji, ga kuɗin horon aiki da na kundi sun ƙaru, kuma a lokacin ne barin karatu ya fi ciwo da tsada.

Bayan an cike shafukan, kowane sashe zai fito da lambobi huɗu: kuɗin shekara, shekarun da ake ɗauka a zahiri, rabon masu kammalawa, da bashin da zai rage a ranar fita. A zauna da yaron a duba su tare, a saurari abin da shi ko ita ke so, domin ɗalibin da aka tilasta wa sashe yana cikin waɗanda suka fi saurin zubewa. A kuma yi yarjejeniya tun kafin tafiya cewa zai turo hoton takardar sakamakonsa a ƙarshen kowane zango, ba labarin baki ba. In sakamakon zango na farko ya nuna ya ci ƙasa da rabin makin 30 ɗin, kada a jira ƙarshen shekara: a bincika ko yunwa ce, ko harshe, ko nisan ɗaki, ko sashen ne bai dace da shi ba, a nemi shugaban sashe a ji sharuɗɗan sauya kwas ko komawa jami'ar da ke kusa da gida da makin da aka riga aka ci, kuma a yanke shawarar kafin a biya hayar shekara ta biyu.